Farin Idon Baba Direba

Ranar da Baba Direba ya goga motar ɗansa a jikin ginshiƙin ƙofar gida, ba ɓarnar da ya yi wa motar ce ta tayar masa da hankali ba. Abin da ya sanyaya masa jiki shi ne bai ga ginshiƙin ba sam. Shekara talatin da huɗu ya yi yana jan babbar mota, yana kutsawa da ita lungunan da ko amalanke sai ta yi dabara, bai taɓa fasa wa wani ko da fitila ba. Yau ga shi da rana tsaka, a ƙofar da yake shiga kullum, ginshiƙi guda ya ɓace masa kamar an ɗauke.

A makon ne Auta, 'yarsa da ke aure a wani gari, ta zo ganin gida. Ita ta tasa shi gaba zuwa asibitin ido. Aka sa ya jingina goshi a bakin wata na'ura, aka danƙa masa madanni a hannu, aka ce duk sanda ya ga ɗan haske ya gilma ya danna. Ya daɗe a zaune yana jiran haske, har ya fara zaton na'urar ta lalace.

Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta juyo da takardar gabansa.

"Baba, hawan jinin ido ne da kai. Ruwan da ke cikin ido ne ba ya samun hanyar fita yadda ya kamata, sai ya taru ya riƙa danne jijiyar gani. Ba ya ciwo, shi ya sa mutum ba ya farga. Kuma daga gefe yake fara ci."

"Wato madubin gefe ne suka fara mutuwa," in ji Baba Direba.

Ta yi murmushi. "Ka fi ni iya bayani. Idon dama ya tafi da yawa. Na hagu yana da sauran kyau. Abin da ya tafi ba ya dawowa, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma abin da ya rage za mu iya tsare shi."

Ta ba shi ƙaramar kwalba mai koren murfi, ɗigo ɗaya kullum kafin ya kwanta, har iya rayuwa. Ta ce zai sa idon ya yi ja, zai kuma ɗan yi yaji, kada wannan ya sa ya daina, kada kuma ya canza shi da wani sai da saninta. Ta ce ya dawo bayan wata uku. Sannan ta ce cutar tana bin jini, duk 'ya'yansa su zo a auna su. Nan take aka auna Auta, aka ce lafiyarta ƙalau. Kafin ta koma garinsu ta danƙa wa yayanta katin asibitin, hankalinta kwance. Wa ya fi shi cancantar riƙewa? Ai shi ne mai shagon magani.

Shagon a jikin gidan yake, ƙofarsa tana kallon titi. Unguwa ce ta naɗa wa mai shagon suna Dakta, ba wata makaranta ba. Shekara shida ya yi yana miƙo kwalaye a shagon wani, ya haddace sunayensu, ya ɗinka farar riga, ya buɗe nasa. Kuma yana da wata ɗabi'a da ya ɗauka ita ce gwanintar sana'ar: ba a shiga shagonsa a fita hannu biyu. Ko wane magani ka zo nema, in babu, amsa ɗaya ce: "Babu shi, amma akwai ɗan'uwansa." Har ubansa ya bi sahun mutane yana kiransa Dakta, da farko cikin zolaya, daga baya bakin ya saba.

Tun da aka karɓe makullin mota daga hannunsa, Baba Direba ya koma zaman benci a ƙofar shagon. A nan ya ƙirƙiro wa kansa gwaji irin na direbobi. Akwai turken wuta a tsallaken titi, daidai saitin bencin. Kowace safiya sai ya kafa wa turken ido, ba ya motsa kai, ya ga iya inda ganinsa ya kai. A hagu yana kamo shuɗiyar ƙofar mai aski. A dama yana kamo gefen tarin tayoyin mai faci. Wata guda yana ɗiga maganin likita, ƙofar tana nan, tayoyin suna nan. Idon dai ya yi ja kamar garwashi, amma shi ko a jikinsa.

Mai aski ne ya ɓata lamarin, kuma ba da mugun nufi ba. Ya shigo sayen maganin mura, shago cike da mutane, ya dubi tsohon ya kwashe da dariya.

"Dakta, kai da ke sayar wa duniya maganin ido, ga na tsohonka kamar ya kwana a bakin murhu! Ko sai mun yi maka karo-karon ilimi?"

Kowa ya yi dariya, har Dakta. Amma Baba Direba ya san ɗansa, ya san dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Da yamma kuma surukarsa, matar Dakta, ta ƙara nata yayin da take ajiye masa shayi.

"Baba, ƙawayena fa suna tambayata wai ko kuka kake yi. Sai a ɗauka ba ma kula da kai a gidan nan."

"Ki ce musu magani ne, 'yar nan."

"Wane irin magani ne zai mai da ido haka? Ni dai ban taɓa gani ba."

Ranar da kwalbar ta ƙare, Dakta ya shigo ɗakin tsohon da wata mai farin murfi.

"Wannan ba shi ba ne," in ji Baba Direba. "Nawa koren murfi gare shi."

"Murfi ake ɗigawa a ido, Baba? Wancan ya yanke a kasuwa. Wannan ɗan'uwansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ma fi shi kyau. Ni kaina shi nake ɗigawa kullum da safe kafin in buɗe shago. Dubi idona."

"Likitar ta ce kada in canza."

"Haka suke faɗa wa kowa. Mutum ɗari take gani a rana, ta ma manta fuskarka. Ni ɗanka ne. Zan cuce ka ne?"

Wannan tambayar ita ta ɗaure tsohon. Wane uba ne zai dubi ɗan cikinsa ya ce masa e? Ya ɗaga kai, ya buɗe ido, ɗansa ya ɗiga masa. Maganin ya sauka da sanyi, babu yaji ko kaɗan.

Cikin kwana huɗu ido ya yi fari tas. Unguwa ta ɗauka. Mai aski ya dawo da kansa ya ce ya janye maganarsa, lallai Dakta ya ci sunansa. Dakta ya ɗauki hoton fuskar uban ya aika wa Auta, ita kuma ta bugo waya tana ta sa wa yayanta albarka. Ranar har Baba Direba ya ji daɗi, don ya daɗe bai ga ɗansa yana fara'a da shi haka ba.

Kafin wata biyu su cika, tayoyin mai faci suka fita daga gwajin safe. Ya ce ko mai facin ne ya matsar da su. Ya juya kai, ya gan su a inda suke tun fil azal. 

"Dakta, hanyar fa tana matsewa."

"Wace hanya kuma?"

"Ganina. Lokacin komawa asibiti ya kusa. Ina katin?"

"Yana wurina a ajiye. Bari a kawo mini kayan da nake jira, sai mu je."

Kaya suka zo, aka jera su. Sai aka ce mota tana wurin makanike. Mota ta dawo, sai aka ce asibitin nan layi ne kawai, mutum ya rufe shago yini guda don a haska masa fitila a ido. Wata uku ya wuce, na huɗu ya bi shi. Duk sanda tsohon ya tayar da maganar, amsar ba ta wuce "gobe in Allah ya kai mu." Allah kuwa yana ta kai su, goben ce ba ta zuwa.

A cikin gida abin ya fi muni. Ya miƙa hannu zai ɗauki burodi ya ture kofin shayin da aka ajiye a gefensa. Ya yi tuntuɓe da bokiti a tsakar gida, ruwan wanki ya malale har ƙofar kicin. Ya buge kafaɗa da bakin ƙofa sau ba adadi, har wurin ya yi tabo. Ya roƙi surukarsa ta riƙa ajiye masa abu a gabansa sosai, ta kuma daina canza wa kujeru wuri. Ta ce to. Washegari ya jiyo ta tana faɗa wa maƙwabciya ta kan katanga, ba ta ko rage murya ba.

"Mutumin da ke karanta lambar mota daga tsallaken titi shi ne ba ya ganin bokiti? Tsufa ne kawai, da son a kula shi."

Gaskiya ne yana karanta lambar mota. Wannan shi ne muguntar cutar: tana bar maka abin da za a ƙaryata ka da shi. Ya zauna a bakin gado ranar cikin baƙin ciki. Ya ɗauki waya zai kira Auta, ya ajiye. Ita da Dakta kaɗai Allah ya ba shi, uwarsu ta rasu, ba ya son ya zama shi ne silar raba su.

Abin da ya fi yi masa ciwo ya gano shi ne ta hanci. Dakta yana da wani turare mai ƙarfi da yake fesawa a farar rigarsa. Sai tsohon ya lura yana jin ƙamshin ya wuce shi a kan benci, ya shige shago, ba sallama, ba gaisuwa, kuma bai ga kowa ba. Sau ɗaya, sau biyu, sau goma. Ashe ɗan da ke cewa babu abin da ya sami idon ubansa ya san daidai inda ganin ya tsaya. Ta nan yake raɓawa, ta gefen dama, don kada a tare shi da maganar asibiti. Hausawa suka ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe. Shi Baba Direba wanda ba ya gani ne ma ya raina shi.

A wata na bakwai ƙofar mai aski ta tafi. Saura turken wuta da ɗan abin da ke kewaye da shi, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ranar ya sa hularsa, ya ce ko babu kati zai je asibiti, in ya so su kore shi. Ya tsaya a bakin titi ya dubi hagu, ya dubi dama, kamar yadda ya yi shekara da shekaru yana yi wa wasu faɗa su yi. Ya sa ƙafa. Bai ga babur ɗin da ya taho ba sai da ya ji shi a ƙugunsa.

Mai faci ne ya ɗauke shi daga kwalta. Rauni bai yi yawa ba, gwiwa ce ta ɗaye da tafin hannu. Dakta ya wanke ciwon da kansa a gaban jama'a, yana yi yana faɗa.

"Kun gani ko? Ina ta fama da shi ya zauna wuri ɗaya. Me ya rasa a gidan nan? Ci ko sha? Daga yau, Baba, ba ka ƙara tsallake bencin nan."

Mutane suka ce wallahi Dakta yana ƙoƙari, riƙon tsoho sai mai haƙuri. Da aka watse, mai faci ya dawo ya tsuguna a gabansa.

"Baba, tsakaninka da Allah, ba ka ga yaron nan da babur ba?"

"Ban gan shi ba. Kai ma yanzu bakinka kawai nake gani, babu kunnuwa." Ya laluba aljihu ya fito da waya. "Nemo mini sunan Auta a nan."

Kwana biyu tsakani ta iso. Ba ta nemi kati wurin kowa ba, ta sa shi a motar haya. A asibiti likitar ta auna idon, ta sake aunawa. Sannan ta ce ya nuna mata maganin da yake ɗigawa. Ya miƙa mata kwalba mai farin murfi. Ta karanta jikinta, ta ajiye a kan tebur a hankali kamar abin da zai fashe.

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai."

"Baba, wannan maganin kumburi da ƙaiƙayi ne. Kwanaki kaɗan ake ɗiga shi, shi ma da sa idon likita, domin yana ƙara matsin da ke cikin ido. Mai irin cutarka ko kusa da shi bai kamata ya je ba. An cire maka birki, an kuma taka maka totur. Wa ya ba ka?"

Auta ta buɗe baki, ya damƙe hannunta.

"A shago na saya," ya ce.

"Wane shago?"

"Na manta, 'yata. Tsufa."

Likitar ta dube shi, ta dubi Auta da hawaye ke bin fuskarta, ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce idon dama ya mutu gaba ɗaya. Na hagu saura ɗan tsakiya, za a yi masa aiki cikin makon nan ko a samu a riƙe wannan ɗin, amma ba ta yi alkawari ba. Ta tambaya ko ɗaya ɗan nasa ya zo awo. Aka ce bai zo ba. Ta rubuta takarda ta ce a ba shi, ya zo da gaggawa.

A gida Auta ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Dakta bai rasa abin cewa ba. Ai tun farko likitar da bakinta ta ce cutar ba ta warkewa. Ai shi taimako ya yi, ya ga tsoho yana shan yaji. Ai mutum nawa ya ba maganin nan, wa ya dawo ya ce ya makance? Kuma abin da Allah ya rubuta wa bawa, ko a gadon asibiti yake kwana sai ya same shi. Matarsa ta ce ita dai ta san idon ya yi kyau, kowa ma shaida ne. Babu wanda ya ce a yi haƙuri, balle a ce an yi kuskure.

An yi aikin. Abin da aka tsira da shi bai fi a ga fuskar mutum ɗaya ba, in ya tsaya daidai a gaba. Turken wuta yana nan, amma ba shi da maƙwabci ko ɗaya. Auta ta so ta tafi da shi garinsu, ya ce ta ba shi kwana kaɗan, akwai saƙon da bai isar ba. Takardar likita tana aljihunsa, sau uku yana miƙawa ana cewa ya ajiye tukuna.

Wata safiya yana kan benci ya ji motar Dakta ta dawo daga ɗauko kaya. Ta rage gudu, ta karyo kwana za ta shiga gida. Sai ƙarar ƙarfe a jikin siminti, doguwa, irin wadda kunnen direba ba ya mantawa. A ginshiƙin dama ne. Ya ji an buɗe ƙofar mota, an yi tsaki, ana zagin magina da suka matse ƙofa. Can sai ƙamshin turare ya taho, ya raɓo ta gefe zai shige shago.

"Dakta."

Ƙamshin ya tsaya. 

"Na san kana nan. Zo gabana. Ragowar da ka bar mini a nan take."

Takalma suka ja ƙasa, fuskar ɗansa ta shigo cikin ɗan ramin haskensa. Ya ƙura mata ido. Fuskar da ya ɗauka a hannu ranar da aka haife ta, ga idanu farare tas, gwanin kyau. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a ranar da aka ce nasa ya mutu.

"Ba ƙofar ce ta matse ba," ya ce. "Ka ga ginshiƙin ko ba ka gan shi ba?"

"Hankalina ne yake wani wuri, Baba."

"Ni ma haka na ce." Ya fito da takardar. "Karɓi. Rufe shagon nan mu je yanzu. Ka daina ɗiga abin nan."

Dakta ya karɓa, ya ninke, ya cusa a aljihun farar riga. "To, Baba. Gobe in Allah ya kai mu."

Kafin tsohon ya ce wani abu, wata mata ta yi sallama a ƙofar shago, Dakta ya bi ta ciki da sauri kamar wanda aka ceto. Daga kan benci ana jin komai. Ta ce idonta ne yake ja, kuma da yamma tana ganin kamar bakan gizo a kewayen fitila, ga takardar da aka rubuta mata a asibiti. Aka ji ƙarar buɗe takarda.

"Babu shi," in ji Dakta, "amma akwai ɗan'uwansa. Kwana huɗu idonki zai yi fari tas."

Baba Direba ya rufa wa ɗansa asiri a gaban likita. Ya rufa masa a gaban 'yar'uwarsa wata bakwai, ya biya da ido ɗaya da rabi. Ya dafa bango ya miƙe, ya laluba bakin ƙofar shagon, ya buge kafaɗa a inda ya saba bugewa, ya shiga. Mai aski da ke tsallake ya tsaya da aski yana kallo.

"'Yar nan, kina ina? Matso gabana, ba na ganin gefe."

Matar ta matso, da kwalba mai farin murfi a hannunta.

"Dubi idona da kyau. Ja ne ko fari?"

"Fari ne tas, Baba."

"To, da wannan na hannunki aka wanke shi. Ba na ganin komai da shi sai hancinki. Ajiye masa kayansa, ki je ki nemo wanda aka rubuta miki."

"Baba!" in ji Dakta. "A gaban mutane? Ni fa ɗanka ne!"

"Shi ya sa na buɗe maka idon ka ɗiga," in ji tsohon.

Matar ta ajiye kwalbar a kan teburin shagon, ta zare takardarta daga hannun Dakta, ta fita. Baba Direba ya juya zai bi bayanta, ya rasa inda ƙofar take. Ya tsaya a tsakiyar shagon da hannu a miƙe, yana jiran ya ji ko akwai wanda zai kama.